Neman kalmar Hausa: me za mu kira "mil" ɗin da kamfanonin jirgin sama ke tara wa fasinja?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya na kawo, kuma da dalilinta.

Makon jiya na raka maigidana filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zuwa Gwanzu ta ƙasar Chaina saro kaya, ta Adis Ababa yake bi, shagonsa na Idumota kuwa ba ya rabuwa da kwalaye. A wurin awon kaya ma'aikaciya ta tambaye shi ko yana da lambar ShebaMiles, wato tsarin tara mil na kamfanin jirgin Ethiopian. Ya juyo ya ce, "Me take nema?" Na buɗe baki zan yi bayani, kalma ta gagara. Na ce mil ne, Alhaji. Ya ce mil ɗin me? Muna cikin haka layi ya matso, muka wuce. Da zai dawo sai da ya biya kuɗin kayan da suka haura awo, kamar yadda yake biya kullum.

Abin ya tsaya mini a rai. Daga Legas zuwa Adis, daga can zuwa Gwanzu, tafiyar ta haura mil 7,000 zuwa kawai. Ku lissafa shekara goma sha ɗaya. Turawa na kiran mutum irinsa "frequent flyer", tsarin kuma "loyalty program". Ba sabon abu ba ne: tun 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe nasa mai suna AAdvantage, sauran suka bi sahu. Yau Ethiopian na da ShebaMiles, Emirates na da Skywards, Turkish na da Miles&Smiles, Saudia na da AlFursan, a nan gida ma Air Peace na da Peace Advantage. Rajista kyauta ce. Amma 'yan kasuwarmu, waɗanda suka fi kowa hawa jirgi, da yawansu ba su da ko lamba ɗaya. Ni a ganina rashin suna na cikin dalilan. Abin da ba ka iya faɗa wa maigidanka cikin numfashi ɗaya, ba zai tsaya ya saurara ba.

To, me za mu kira shi?

Wani ɗan canji daga Allen:
Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Maki ne. Ana ba ka maki, kana tarawa, kana kashewa. Yaro ɗan firamare ma ya san maki. Mil kam a bar shi, in ka ce mil a garin nan tunanin kowa kasuwar Mil 12 zai tafi.

Wani malamin makaranta daga Agege:
Alhaji, maki ya faɗi yadda ake ƙirgawa, amma bai faɗi dalilin bayarwa ba. Maki na jarrabawa ne, na ƙwallo ne. Na so in ce lada, sai na tuna mai tafiya umara. In ka ce masa ya tara ladan tafiyarsa zuwa Jidda a wurin kamfanin jirgi, ai ka haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. Tukuici kuma wanda aka kai wa kyauta ne yake ba ɗan aike, bai dace da nan ba. Garaɓasa ta fi kusa, tunda kamfanonin waya sun saba mana da ita, sai dai garaɓasa faɗuwa take yi a kan kowa na ɗan lokaci, ba ta san tsohon abokin ciniki da sabo ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya fassara shi da "tsarin biyayya". Na taɓa ganin haka a rubuce. Fasinja ba ya yi wa kamfani biyayya, ciniki ne ya haɗa su.

Wata Hajiya mai atamfa da leshi a Balogun:
'Ya'yana, kuna ta zagaye, kalmar tana bakin ƙofa. Gyara ce. In kin saba sayen shinkafa wurin mutum ɗaya, ya auna miki, sai ya ƙara ɗan hannu a kai. Ba ki biya ba, kuma ba sadaka ba ce, cinikinki ne ya jawo. Wadda ke yawo daga wannan rumfa zuwa waccan ba ta samun ta kirki. Har mutanen garin nan sun karɓi kalmar daga bakinmu, kowace kasuwa ka shiga za ka ji ana cewa a sa "jara". Mun ba wasu aro, mu kuma muna nema.

Ni ɗiyata ce ta yi mini rajista a waya shekarun baya, lokacin ina yawan zuwa Dubai. Ban ɗauke shi a bakin komai ba sai ranar da aka ce abin da na tara ya isa tikiti. Na biya haraji da 'yan kuɗaɗen filin jirgi, na hau. Tun daga nan duk wadda za mu yi tafiya tare sai na tambaye ta ko an sa mata lambarta. Kuma da gyara nake yi musu bayani, ba wadda ta taɓa cewa ba ta gane ba.

Wani mai yankan tikiti a Ikeja:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kalmarki ta yi. Amma ina da gyara a kan gyarar, don wannan aikina ne. Da baki, gyaran mota daban, wadda ake ƙarawa a kan mudu daban, murya ce ke rabawa. A rubuce kuwa iri ɗaya ne. Duk wanda ya ga kalmar kusa da jirgi zai zaci makanikai ake nufi.

Sannan abin kashi biyu ne, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai wanda kake tarawa ka kashe: ka karɓi tikiti, ko a ɗaga ka daga kujerun baya zuwa na gaba. Akwai kuma wanda ba a kashewa, ƙirga shi ake yi cikin shekara don a ba ka matsayi, azurfa ko zinariya. Ga ɗan kasuwa na biyun ya fi amfani. Mai matsayin zinariya a ƙawancen kamfanonin jirgi na Star Alliance yakan samu ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20 a yawancin tikiti, ya bi layin gaba, ya zauna a falon jira ya ci abinci kyauta. Mai kwana rabin dare a Adis yana jiran jirgin Chaina ya san darajar wannan.

Ƙawancen nan uku ne. Star Alliance tun 1997, a ciki akwai Ethiopian, EgyptAir da Turkish. Oneworld tun 1999, akwai Qatar Airways, British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam tun 2000, akwai Saudia, Kenya Airways, KLM da Air France. Amfanin sanin wannan shi ne, mai lambar Ethiopian in ya hau EgyptAir zuwa Alƙahira, lambar nan tasa zai bayar, a zuba masa wuri ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya buɗe rajista biyar, kowace da ɗan kaɗan, ba wadda ta isa komai.

Kuma a sani, ba tsawon hanya kaɗai ake dubawa ba. Tikiti mai arha sosai wani rabi yake bayarwa, wani rubu'i, wani ba ya ba da komai, wasu kamfanonin ma yanzu kuɗin da ka biya suke ƙirgawa. Sunan da ke kan rajista dole ya zama daidai da na fasfo, in an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, na'ura ba za ta haɗa su ba. Abin da ka tara kuma yana ruɓewa: na Emirates shekara uku yake yi. Ku tuna kamfanin ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai watan Oktoba na 2024. Wanda ya tara ya ajiye yana jiran wata rana, lokaci na ci masa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na kwana da maganar, ga inda na tsaya.

Bayanin Yallaɓai mai tikiti ya ƙara mini yarda da kalmar Hajiya, domin har lahanin abin gyara ta ɗauko. Mai kaya ne ke yanke yawanta, yana iya rage hannu gobe ba tare da ya nemi izininka ba, haka kamfanoni ke ƙara yawan abin da ake buƙata kafin a ba da tikiti. Ba kuɗinka ba ne da ka ba da ajiya, shi ya sa ban kawo adashi ko asusu ba. Sai ka tambaya ake ba ka, kuma a lokacin ciniki ya fi sauƙi. Sannan ba mai hankalin da zai sayi buhu da tsada don a ƙara masa hannu ɗaya. In wani kamfanin ya fi arha da nisa, ka hau shi, gyarar ba za ta cike giɓin ba. Duk wannan ɗan kasuwa ya san shi tun kafin ya taɓa ganin jirgi.

Matsalar rubutu kuwa, kalmar Alhaji ɗan canji ta warware ta. In aka haɗa su biyu, ba mai tunanin makanikai. Saboda haka ni daga yau zan riƙa cewa makin gyara ga wanda ake tarawa a kashe, makin matsayi ga wanda ke kai mutum azurfa ko zinariya, lambar gyara ga lambar rajista, tsarin baki ɗaya kuma tsarin gyara na fasinja. Malam, in kana da ja a kan na ƙarshen ina saurare, shi ne bai gama kwanta mini ba.

Jiya bayan la'asar na gwada a shago. Na ce, "Alhaji, kamfanin jirgin nan yana ba da gyara, kai ne ba ka taɓa karɓa ba." Ya ajiye biro ya ce, "Tun yaushe?" Ya ciro fasfo daga aljihun teburi ya miƙo mini. Mun yi rajistar kafin magariba, kuma na aika da takardun shiga jirgi na tafiyarsa ta ƙarshe don a zuba masa makin da ya wuce.