Tsohuwar jif 4Runner ta 1999, daga ina zan fara gyaranta a gida?

Magajin_Kawu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana mota ku ba ni shawara. Kawuna ne ya bar min tsohuwar motarsa, Toyota 4Runner ƙirar 1999 mai injin V6 ɗin nan 3.4, giyarta otomatik ce kuma tana jan taya huɗu. Mita ta nuna ta ci kilomita 290,000 da ɗoriya, kuma ta kusa shekara a ajiye ƙarƙashin rumfa ba a tashinta sai jefi-jefi. Na sa sabon batir, bugu ɗaya ta tashi wlh har mamaki ta ba ni, ba hayaƙi ba wata ƙara a injin, sai dai in ta ɗau zafi ina jin warin ƙonannen mai ta gaba, in na faɗa rami kuma akwai wani ƙwas-ƙwas a tayar gaba ta hagu, fitilar cek injin ma a kunne take.

Ni ba bakanike ba ne amma hannuna bai mutu ba, ina da akwatin sifana da soket da jak, kuma ni nake wa ƙaramar motata juyen mai tun da daɗewa. Burina gaskiya in ɗaga ta kamar inci uku, in sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe da fitilu a saman rufi, ta fito shar. To da me zan fara, kuma me zan iya yi da kaina a tsakar gida, me ya fi ƙarfina?

Baba_Sifana:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ka samu mota mai rai, wannan injin da ake kira 5VZ-FE ba ya saurin gajiya in ana kula da shi. Amma zan faɗa maka abin da ba ka so ji, ka ajiye zancen ɗagawa da fitilu tukuna, ba a ɗora bene a kan ginin da ba a duba tushensa ba.

Wannan ƙwas-ƙwas ɗin shi ne farko, kuma kada ka ƙara hawa babban titi da ita sai ka gano shi. Zai iya zama bushin ne ko ƙaramin ƙarfen nan na sitabilaiza, wannan da sauƙi, amma zai iya zama bol join na ƙasa, wato mahaɗin ƙarfe mai dunƙulallen kai da ke riƙe taya da ƙafar motar, kuma a irin waɗannan motocin na 1996 zuwa 2002 yadda aka tsara ƙafar gaba, nauyin motar jan bol join ɗin yake kamar zai zare shi daga gidansa, shi ya sa in ya cinye ba ya tsayawa yi maka kashedi mai yawa, fita kawai yake, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Ni ya taɓa faruwa da ni, kuma laifina ne, na sayi na araha marar suna na ɗaura, ban ƙara waiwayarsa ba, Allah ya taimake ni a hankali nake tafiya zan sha kwana. Tunda ba ka san ranar da aka canza su ba, canza duka biyun, ka nemi na asali, ka sa sababbin notuna huɗun da ke riƙe kowanne, ka ɗaure da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Ɗaurin ƙiyasi ba na wannan wurin ba ne.

Kafin ma nan, jak kaɗai ba ya isa. Nemi ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda biyu ko huɗu, a daɓen siminti, ka datse tayoyin baya, tayar da ka cire kuma ka tura ta ƙarƙashin shasi. Bulo ba abin yarda ba ne, farfashewa yake ba sallama.

In ka shiga ƙasan, riƙe ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, musamman ta baya wajen da ƙarafan aksul suke kamawa. Tsatsar sama ba komai, a kankare a shafa fenti. In kuwa guduma ta lotsa ƙarfen ko ta huda, to tsaya nan ka sake lissafi kafin ka kashe ko sisi a kan ado.

Sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin injin. Wannan injin bel ne da shi ba sarƙa ba, ana canza shi wajen mil 90,000, kusan kilomita 145,000 kenan, ka ga motarka ta kai lokacin na biyu. Duba murfin gaban injin ko akwai takardar da aka manna da ranar canji. Daɗinta in ya tsinke fistin ba ya dukan bawul a wannan injin, ba zai kashe ta ba, amma zai ajiye ka inda ba ka shirya kwana ba. In za a buɗe a haɗa da famfon ruwa da tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi) da fulin da ke ɗame bel ɗin gaba ɗaya, don bel ɗin ne ke juya famfon, aiki ɗaya ne. Za ka iya yi a gida in kana da haƙuri, notin babban fulin ƙasa ne kawai mai taurin kai.

Warin man kuma kusan na san gaskit ɗin murfin bawul ne ya bushe, mai na ɗiga kan salansa. Ba gaggawa ba ne, ka dai riƙa duba bakin mai.

Uwar_Tafiya:

Ƙanena ka riƙe maganar Baba da kyau. Ni abin da zan ƙara shi ne lagireto, don mutane sun fi kallon injin su manta da shi. A masu otomatik akwai wani ƙaramin bututu a cikin tankin ƙasa na lagireto wanda man giya ke bi ya huce, to in shekaru suka ja ya ruɓe sai ruwa da man giya su haɗu, ka zaro sandar awon man giya ka ga ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an zuba masa madara, kuma ruwa in ya shiga giya cinye faifan kulocin ciki yake, daga nan sai sauke giya. Lagireto mai shekara ashirin da wani abu ya gama biyan bashinsa, musamman in robar samansa ta fara komawa ruwan ƙasa. Canza shi aikin yini ɗaya ne ma bai kai ba, ka haɗa da tiyo na sama da na ƙasa da murfi, ka zuba ruwan sanyaya injin na gaske ba ruwan famfo zalla ba, kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin da zafi.

Sauran kuwa ni dokata in mota ta zo hannuna ban san tarihinta ba, duk wani abu mai ruwa-ruwa a jikinta sabo nake sawa. Bakin mai da filta, lita biyar da ɗan wani abu take sha. Man aksul na gaba da na baya da na akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi, kuma nan ga wata dabara da na koya da wahala, fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa, in ka tsiyaye mai sannan na saman ya ƙi kwantuwa ka shiga uku. Man birki ma yana shan danshi, duk shekara biyu ya kamata a sauya, na motar da ta yi shekara a zaune kam ba sai an tambaya ba. Sannan sayi bindigar giris ka bi dogon shaf ɗin ƙasa, akwai ƴan kawuna da ake ɗura giris a ciki, yawanci tun da aka sayi motar ba wanda ya kula su.

Af, leƙa bayan tayoyin baya ta ciki. In ka ga jiƙewar mai to sil ɗin aksul ne ke yoyo yana ɓata takalmin birki, sau da yawa kuma ɗan hancin numfashi da ke saman aksul ne ya toshe da laka iska ta rasa hanyar fita.

Dan_Waya07:

Oga ni ta ɓangaren wuta zan shigo. Fitilar cek injin ba abin tsoro ba ce, sayi ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta matsalar mota ka soka ƙarƙashin dashbod ka haɗa da wayarka zata baka lamba, in kaga P0171 injin na samun iska fiye da mai ne, yawanci sensar iska ce tayi datti ko wani tiyo ya tsage, a fesa mata maganin wanke sensa kawai kar a taɓa siririyar wayar ciki da hannu, in P0420 ne kuma zancen katalis ne (matatar hayaƙi da ke jikin salansa) ko sensar salansa. Fulogi ma ka kula wannan injin kwayil uku ne ke ba fulogi shida wuta kuma fulogi masu ƙafa biyu aka tsara masa, karka yarda a baka kowanne. Auna batir, a kashe wajen 12.6, in injin na aiki tsakanin 13.5 da 14.5, in bai kai ba altaneta ce.

Amma Baba da girmanka a bar yaro ya ɗan ji daɗin motarsa mana haba 😂 taya dai dole ya saya tunda ta shekara a zaune, duba gefen tayar bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, misali 2317 sati na 23 ne shekarar 2017. To tunda zai saya me zai hana ya tashi daga taya mai lamba 265/70R16 zuwa 265/75R16, tsayin inci ɗaya ne ya ƙaru kuma ba sai ya ɗaga motar ba, sai dai mita zata riƙa yi masa ƙaryar kusan kashi 3 cikin ɗari, in ta nuna 100 yana kan 103. Giya kuma ni a ganina a sa inji a wanke ta tas a huta, tamostat ma wasu cire shi suke mota ta daina zafi.

Baba_Sifana:

Ɗan_Waya zancen taya na yarda, ka yi gaskiya, inci ɗaya ba zai kashe kowa ba, ko da yake wani lokaci tana ɗan gogar roba in an karya sitiyari duka. Amma biyun ƙarshe a'a. Giyar da ta yi kusan kilomita 300,000 ba a san ko an taɓa canza manta ba, ni ba na tura mata mai da ƙarfin inji. A kwance notin ƙasa a tsiyaye abin da ya fito, a auna, a mayar da daidai shi, a yi tafiyar sati biyu a sake, sau uku haka man ya washe a hankali. Tamostat kuwa cire shi ɓoye ciwo ne, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton da sanyi, ka sha mai a banza, ainihin abin da ke kawo zafin kuma yana nan, ko lagireto ya toshe ko kulocin fanka ya mutu.

Ɗagawa in lokacinta ya yi, inci biyu ya ishe ka Magaji. Kana haura haka shaf ɗin tayoyin gaba ke karkacewa, robarsu ta yage giris ya watse, motar kuma dama doguwa ce, ƙara mata tsayi ƙara mata layi ne a kwana. Sifirin kada ka matse shi da abin matsewa na araha a gida, kai wa masu injin, na ga yadda yake tashi. In an gama a yi alaimen. Bambar ƙarfe nauyi ce a kan hanci, sai birki ya gyaru tukuna. Kuma kada ka sa giyar taya huɗu a busasshiyar kwalta in taka irin wadda ba ta da difaranshiyal na tsakiya ce, wato abin da ke barin tayoyin gaba da na baya su juya da gudu daban, nemi hanyar ƙasa ka sa ta ko sau ɗaya a wata don mai ya zagaya.

Magajin_Kawu:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Yaya, Ɗan_Waya kai ma Allah ya bar zumunci. Jiya na sayo ƙafafun ƙarfen na ɗaga ta, na sa dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar hagu na ɗan ɗaga sai ga bol join ɗin yana wasa ƙarara, robarsa ma ta yage babu ɗigon giris, jikina sai da ya yi sanyi don shekaranjiya da yara na fita a cikinta. Shasi lafiya lau, guduma ba ta samu komai ba. Man giya ja ne ya ɗan yi duhu, babu alamar ruwa, takardar taimin bel kuma ban ganta ba sam. Lambar da na'urar ta ba ni P0171 ce, tayoyin kuwa 2014 aka yi su. Na yi odar bol join biyu da notunansu da lagireto, motar tana kan ƙafafun ƙarfe har su iso. Baba wata tambaya, shi tayarod ɗin, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, sai na fitar da shi kafin bol join ya fito, kuma in ba ni da abin ɓamɓare shi guduma za ta yi ko zan ɓata zaren?