Wane madabod zan saya da ba zai ɗaure ni nan gaba ba?

Mai_Editin: Salamu alaikum. Zan haɗa kwamfutar tebur don aikin gyaran bidiyo. Kuɗina ya tsaya kan furosesan AMD Ryzen 5 7600 da RAM 32GB, katin girafik sai hali ya yi. Madabod nau'in A620 zan ɗauka ko B650? Wani kuma ya ce gara bod ɗin Intel LGA1700 tunda yana cin RAM nau'in DDR4 mai araha.

Injiniya_Sabo: Wa alaikumus salam, Malam. Fara duba soket, wato gurbin da furosesa ke zama, kafin komai. LGA1700 ya tsaya kan furosesa zubi na 14, tun 2024 Intel ta koma LGA1851, don haka arahar nan ta yau ce kawai. AM5, soket ɗin AMD da ke kan A620 da B650, ya fito a 2022, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da shi har 2027 ko fiye. Sai dai DDR5 kaɗai yake karɓa.

Tsakanin A620 da B650, ɗauki B650. Dalilin shi ne VRM, sashen da ke gefen soket mai daidaita wutar da furosesa ke sha. 7600 watt 65 ne, ko wane bod zai riƙe shi. Amma ranar da ka ɗora furosesa mai kwakwalwa (core) 12 ko 16 a kan A620 mai ƙaramin VRM wanda ba ƙarfen sanyaya a kansa, sai ya ɗau zafi, furosesan ya rage gudu ana tsakiyar fitar da bidiyo. Ka kalli hoton bod ɗin: in sassan nan a tsirara suke, wuce.

Hajiya_Tech: Kada ramukan RAM huɗu su ruɗe ka, ɗan'uwa. DDR5 ba ya son a cika huɗun. A Ryzen 7000 gudun da AMD ta lamunta da sanduna huɗu 3600 ne kacal. Sayi 16GB guda biyu masu gudun 6000, ka sa su a ramukan A2 da B2, ka kunna EXPO, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa. In kana son ƙari daga baya, ka canja biyun gaba ɗaya.

Abin da zai ƙare maka da wuri gurbin M.2 ne, inda ake sa ma'ajiyar SSD, bidiyo na cin wuri. Nemi mai biyu aƙalla, ka karanta littafin bod ɗin, don a wasu in ka cika gurbi na biyu sai wasu ramukan SATA, inda ake jona hadis, su mutu.

Baban_Sadiq: PCIe 5.0 dai, wato sabon nau'in gurbin katin girafik, kada ka ƙara ko sisi dominsa, 4.0 ya ishi katin da za ka saya. Wanda ya cancanci kuɗi shi ne maɓallin BIOS Flashback a bayan bod. B650 da ya jima a shago ba lalle ya gane Ryzen 9000 ba sai an sabunta BIOS, manhajar da ke tada bod ɗin. Da maɓallin, filas mai tsarin FAT32 ɗauke da sabon BIOS ɗin da wuta kawai kake buƙata, ko ba furosesa. Ka jona UPS ko inbata kafin ka danna, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, bod ɗin na iya ƙin tashi.