Idon da ke zubar da hawaye, amma likita ya ce bushewa ce

Wata uwa, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum. Ɗiyata mai shekara 15 ta fara kukan cewa tana jin kamar an zuba mata yashi a ido, kuma da yake hunturu ya riga ya sauka a Jos, sai na ɗora laifin a kan ƙura. Da muka je asibiti, likita ya ce bushewar ido ce, ni kuwa na yi musu, domin idon yarinyar kullum cike yake da hawaye. Ya bayyana mini cewa idan ido ya bushe yakan yi yaji, sai ya kwararo ruwan da ba ya zama, sannan ya tambaye ta awa nawa take yi a kan waya. Ta sunkuyar da kai. Shin akwai wanda ya taɓa fuskantar haka?

Wani malamin sakandare, Gangare: Hajiya, ina ganin ɗalibaina kowace safiya da jajayen idanu suna murzawa da bayan hannu. Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa waya ido adadin yakan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, hawayen da ke lulluɓe da ƙwayar ido kuma su ƙafe kafin wani ƙiftawar ya sabunta su. Masu shirin JAMB ma ba su tsira ba, tunda a wayar suke bitar tambayoyi. Na saba musu da ɗaga kai bayan kowane minti 20, su dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Wani uba, Bukuru: Ni kuskurena shi ne da idon ɗana ya yi ja na zaci Afolo ce, na sayo masa maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba shi ba. Jan ya tafi nan take, muka ci gaba da ɗigawa har wata biyu. Daga baya likita ya nuna mini cewa akwai sinadarin sitiroid a ciki, wanda kan jawo hawan jinin ido idan aka daɗe ana sa shi, ya canza mana zuwa ruwan jiƙa ido kawai.

Uwar ta sake rubutawa: Na gode, Malam. Yanzu ƙarfe tara na dare wayar takan koma ɗakina, ko da yake daren jiya na tarar da ita cikin bargo da ta babanta.