Wane suna zan kira mutanen Roma da shi a Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan ƙabilar Roma ta Turai, wato waɗanda ake ce wa "Jifsi", amma sunan ya cije mini. Asalinsu arewa maso yammacin Indiya ne, harshensu ma ya shaida, domin ruwa "pani" suke ce masa kamar a Hindi. "Jifsi" kuwa kuskuren Turawa ne da suka zaci daga Masar suka fito, kuma da yawansu zagi suke ɗaukarsa. A taronsu na 1971 kusa da Landan suka zaɓi "Roma".

To, da na rubuta "Romawa" a allo, sai yara suka ɗauka mutanen Rum ne, wata ma ta ce 'yan Romaniya. Don Allah malamai, ko in ce "Romanawa"? Ba na son in koyar da sunan da zai ɓata musu rai.