Tsohuwar IBM ta kasa tayar da had disk, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Tsohon Bakanike: Salamu alaikum. Ina da kwamfuta IBM 5150 mai fulofi (na'urar karanta faifai) biyu. Na cire guda, na sa mata had disk Seagate ST-412 da na ciro daga wata matacciyar XT, wato kwamfutar IBM da ta biyo bayan 5150. Ina kunnawa fanka ta ɗan motsa, had disk ya yi ƙugi kamar zai tashi, sai ɗif. In na zare masa wayar wuta kuwa, kwamfuta lafiya lau. Duk wanda ya taɓa shiga wannan ya ba mu labari.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam Baba. Ni ma ta ci ni, har na kusa jefar da had disk mai lafiya. Duba takardar da ke jikin fawa-fak ɗin, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta: wat 63.5 ne kacal, layin bolt 12 kuma amfiya 2. A wannan layin motar had disk ke shan wuta, kuma lokacin tashi ta fi zuƙa, kamar firji idan an kawo wuta. Da nauyi ya yi yawa sai fawa-fak ya kashe kansa. Ai da aka fitar da 5150 a 1981, ba a yi ta don had disk ba. Da XT ta fito a 1983 da wannan ST-412 ɗin mai megabait 10, wat 130 aka ba ta. Na XT na samo na ɗaura wa tawa.

Mai Amiga: Mu A590, had disk ɗin kwamfutar Amiga 500, da nasa fawa-fak daban ya zo mana, bai dogara da na kwamfutar ba.

Hajiyar Lab: Ni kuskurena daban. Na ga ƙarancin wuta ne, sai na haɗa fawa-fak na zamani mai wat 400 da adafta, ina ta murna. Ko motsi. Ashe sababbin sun daina ba da bolt 5 na ƙasa da sifili, ƙwaƙwalwar 5150 ta farko kuwa tana buƙatarsa. Kwana biyu ina zargin babban allon cikin kwamfutar.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, da sauƙi. Wani yarona ya soka kwamfutar da aka yi don Amurka, mai bolt 120, kai tsaye a soket ɗinmu ba taransifoma. Warin bai bar shagon ba sai washegari.

Mai Amiga: Baba, in ba ƙugin kake marmari ba, sa katin XT-IDE, mai haɗa tsohuwar kwamfuta da ma'adanar zamani, da CompactFlash, ɗan katin adana bayanai, a madadin had disk. Ba mota a ciki, bolt 5 kawai yake lasa.

Tsohon Bakanike: Ɗana, ƙugin nake so mana, da shi na koyi aiki. Na ba had disk fawa-fak nasa daban a gefe, na fara kunna shi ya gama tashi, sannan kwamfutar. Yanzu haka C:, alamar had disk a sikirin, na kallona. Murfin dai ya ƙi rufuwa, wayoyi sun fito ta baya.