Karen da ke tsoron tsawa: wa ya taɓa gwada masa kiɗa?

Mai tambaya, daga Jos: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi ɗan shekara 4. Ba ya shakkar mutum, amma da hadari ya haɗo, tun kafin a fara tsawa, sai jikinsa ya ɗauki ɓari, yana haki yana dalalar da miyau. Daminar bara har farce ya fasa wajen tonon ƙofar ɗakinsa. An ce in riƙa kunna masa kiɗa mai sanyi. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mana abin da ya gani.

Daga Kaduna: Wa alaikumus salam, Malam. Tawa karya ce, ita kuma nokawut ɗin da yara ke fasawa a watan Disamba ne ke firgita ta. Karon farko na yi kuskure, sai da ta riga ta rikice na kunna, ko saurara ba ta yi ba. Washegari tun magariba na shigar da ita sito, na rufe taga, na ajiye rediyo ƙasa-ƙasa da kiɗan fiyano. Ta yi ta zagaye na ɗan lokaci, daga baya ta kwanta ta ɗora kai a kan ƙafafunta. In an fasa babba takan ɗago kunne, amma ta daina wannan kukan mai ban tausayi. Kada dai ka sa mai ganga, don dukanta ya yi kama da abin da suke gudu.

Mafarauci, daga Bauchi: Ni gaskiya ban ga amfaninsa sosai ba. Cikin karnukana uku ɗaya ne matsoracin tsawa, na sa masa busar sarewa a waya, bai daina rawar jiki ba sai da na zauna kusa da shi.

Likitar dabbobi, daga Zariya: Baba, abin da ka gani ma daidai ne, ba duk kare yake karɓa ba. Amma an yi bincike a kai. A 2002 wani nazari na masu bincike daga Jami'ar Queen's da ke Belfast ya nuna karnukan gidan kula da karnukan da ba su da masu su sun fi kwanciya su yi shiru da kiɗan Turawa mai taushi da ake kira classical, kiɗa mai hayaniya da ake kira heavy metal kuwa ya ƙara musu haushi. A 2017 Jami'ar Glasgow ta gwada kiɗa iri biyar, alamun natsuwa suka fi fitowa da rege da rok mai laushi. Sun kuma lura cewa in kiɗa ɗaya ake ta maimaitawa, cikin 'yan kwanaki kare yakan saba, tasirin ya ragu, saboda haka a riƙa sauyawa.

Ƙarar ce ta fi damuna. Kunnen kare yana kama sautin da ya fi namu tsini nesa ba kusa ba, ƙarar da kai ka ji ta yi maka daidai, shi tana iya yi masa yawa. Malam na Jos, tunda naka har yana ji wa kansa ciwo, kiɗa kaɗai ba zai wadatar ba. Kai shi asibitin dabbobi, akwai maganin da ake bayarwa kafin hadari. Kuma kada a daure shi a fili, kada a dake shi.

Mai tambaya: Na gode, Likita. Jiya da na hango hadari na shigar da shi, na kunna tun da wuri. Ya yi haki, amma bai taɓa ƙofar ba. Ranar Litinin zan kai shi a duba, in Allah ya yarda.