"Kunne ya girmi kaka": a ina ake faɗin ta?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Jiya a teburin mai shayi wani dattijo yana cikin magana sai wani yaro ya katse shi, dattijon ya dube shi ya ce "kunne ya girmi kaka". Ni dai a sanina ba nan ne muhallinta ba. Abin da take nufi shi ne mutum kan ji labarin abin da ya faru tun ba a haifi kakarsa ba. Me ya haɗa ta da katse magana? Masana a warware mana.

Maman Hafsat, Rikkos: Wa alaikumus salam. A ma'ana kana da gaskiya. Ni ban ga ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke tasowa daga Zariya zuwa nan Jos ba, tun 1957 aka daina shi, amma na san labarinsa da na 'yan haƙar kuza daga bakin kakata. Ita ma yadda aka shimfiɗa layin daga mahaifinta ta ji. Sai dai ban ga laifin dattijon ba. Yaushe kunne zai girmi kaka in baki bai bar shi ya yi aikinsa ba? Da ina tsoma wa tsohuwa baki, da ko rabin labarin ban samu ba.

Ɗan Gangare: Hajiya, ai kin ja ta ne ta kai inda kike so. In don jan kunne ne, ga "in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira" nan.

Abu Sumayya, Bauchi Road: Ita ma wannan gargaɗi ce ga mai kunnen ƙashi, ba ladabin zance take koyarwa ba. Ladabin zance ku neme shi a Sira. Utbatu ɗan Rabi'a ya zo wa Manzon Allah (SAW) da tayin Ƙuraishawa: dukiya, sarauta, har da nema masa magani wai ko aljanu ne suka taɓa shi. Magana ce mai zafi, amma bai katse shi ba. Sai da ya dasa aya sannan ya tambaye shi ko ya gama, kuma da alkunyarsa ya kira shi, Abul Walid, kafin ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Haka da ya tura Sayyidina Aliyu Yaman, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Mu kuwa mutum bai kai rabin zancensa ba mun riga mun ɗana amsa a baki.

Injiniya, Anguwan Rogo: Allah ya gafarta Malam, na yarda da wannan, amma ku daina kambama kunne haka. Bahaushen da ya ce ya girmi kaka shi ne ya ce "gani ya kori ji". Duk wanda ya zauna a garin nan tun rikicin Satumban 2001, ya ga na 2008 da na 2010, ya san ɓarnar "an ce". An ce ana yi a Terminus, kasuwa ta watse, iyaye sun bazama makarantu ɗauko yara, a ƙarshe a tarar babu komai. Yanzu kuma ga saƙon murya a WhatsApp, ba a san mai shi ba, ba a san ranar da aka ɗauka ba. Wannan kunnen ko jika bai girma ba.

Maman Hafsat, Rikkos: Injiniya ka ba ni dariya. Amma mai yaɗa jita-jita ai bai saurara ba. Kan magana ya cafka ya ruga. Da ya tsaya ya ce "wa ya faɗa maka, kai ka gani da idonka?" da ta mutu a nan. Tambaya ma cikin sauraro take.

Mai Tumatir, Farin Gada: Ni ban yi karatu mai zurfi ba, abin da kasuwa ta koya min zan faɗa. Manomi ya sauke kwandunansa, ka bar shi ya yi ta bayani. A ciki za ka ji yaushe aka tsinko kayan, ko sun kwana a hanya, ko sauri yake ya koma gida. Dillalin da ya cika surutu shi ke sayen ruɓaɓɓe. To wannan ba tarihin kakanni ba ne, amma kunne ne ya ba ni abin da ido bai nuna min ba, don na saman kwando kullum masu kyau ne.

Ummi, 'yar Jami'ar Jos: Ku yi haƙuri iyayena, ni wani gefen ke damuna. Kusan duk karin maganar da kuka kawo yara ake jefa wa. Babba ya yi magana, yaro ya kasa kunne, shi ke nan. To in yaron ne ke da magana fa? Ko mace a zaman sulhun aure, ta buɗe baki a ce mata "yi haƙuri" tun ba a ji me aka yi mata ba? Ba mu san me yaron teburin shayin nan ya so faɗa ba, kuma babu wanda ya tambaya a cikinmu.

Abu Sumayya, Bauchi Road: 'Yata, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Suratul Mujadala ma da jin koken mace a kan mijinta ta fara.

Injiniya, Anguwan Rogo: Ummi ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. An kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin Jos na 1994, aka yi na Niki Tobi, aka yi na Bola Ajibola. Duk sun zauna sun karɓi bahasi, amma kowane ɓangare alƙali yake yi wa magana, ba maƙwabcinsa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da aka yi tsakanin 2013 da 2014, inda Afizere da Anaguta da Berom da Hausawa da Fulani da sauran al'ummomi kowa ya kawo kokensa, sauran na zaune suna ji. Ba zan ce ya gama da matsalar ba. Amma zama ka ji ana lissafa laifin mutanenka ba ka miƙe ba, ba ƙaramin aiki ba ne.

Ɗan Gangare: To ni dai har yanzu ina kan bakana, dattijon ya sa ta ba a gurbinta ba. Hajiya, in akwai wata da ta dace da mai katse magana kai tsaye, a kawo ta.

Maman Hafsat, Rikkos: Mu dai "bari in kai aya" muke cewa. Tawa ba ta wuce nan ba, sai mu jira 'yan Dilimi ko suna da wata.